Jar Fitilar Auta

Litinin, 3 ga Maris
Auta ta zo ta tafi. Ko zaman kirki ba ta yi ba, amma ta bar mana fitila. Wai ta magani ce: a kunna, jan haskenta ya sauka a ƙafafun Inna, gajiyar tsoka ta ragu. Likita ne ya ce a gwada, in ji ta. Har da baƙin tabarau a cikin kwalin. Inna ta saka tana dariya, ta yi ta sa wa ƙanwata albarka har motar ta tashi. Ni da na yi shekara da shekaru ina matsa ƙafafun nan kowace yamma, ni aka bari riƙe da kwali.

Laraba, 5 ga Maris
Na tashi daga kan keken ɗinki, na ɗauko man zafi kamar kullum. Inna ta ce, "Bar shi, ki huta. Kunna min ta Auta." Ta Auta! Na kunna, na mayar da man kan taga.

Asabar, 8 ga Maris
Maƙwabciya ta shigo kallo. Ta zagaya fitilar, ta riƙe baki, ta ce wa Inna, "Kai, kin yi dace da 'ya." Ɗaya ta haifa ke nan? Ina zaune a wurin fa, da zare a bakina.

Bari in faɗa tun da ba mai karantawa: kishi nake yi. Da fitila, mace da furfurata. Ba yabon ba ne ya dame ni. To, ya dame ni kaɗan. Amma Inna ba mai hira ba ce, sai hannuna na kan ƙwaurinta bakinta ke buɗewa. A nan na ji yadda ta haɗu da Baba, da wanda ta so kafin shi, da ɗan da ta rasa kafin a haife ni. Auta ba ta san ko ɗaya ba. Abin da nake da shi ke nan. Yanzu sai ta sa tabarau ta yi shiru, ni kuma in tsaya a ƙofa kamar mai jiran a sallame ta.

Talata, 11 ga Maris
Yau Inna ta taka har bakin ƙofar gida ba ta tsaya hutawa ba. Fitilar ce ko farin ciki, oho. Wallahi na ji daɗi. Sai ta ce, "Kira min Auta ta ji." Ni na riƙe musu wayar.

Juma'a, 14 ga Maris
Ciwon hannun daman nan nawa ya sake tashi. Almakashi ma ya gagare ni.

Lahadi, 16 ga Maris
Na zare wayar fitilar na cusa a buhun ƙyallaye. Na ce wa Inna wayar ta ɓata. Ba zan yi dogon rubutu a kai ba.

Litinin, 17 ga Maris
Na zo da man zafi, har na naɗe hannun riga. Inna ta janye ƙafarta. "Bar shi," kawai ta ce. Ta zauna tana murza ƙwaurinta da kanta, ni ina kallo. Ashe gara mata ciwon da hannuna. Na shiga kicin na buɗe famfo don kada ta ji ni.

Laraba, 19 ga Maris
Da safe Inna ta kasa tashi daga kujera, sai da na ɗaga ta. Ta yi nauyi, ta yi sanyi, kunya ta kama ni. Tana riƙe da wuyana ta ce, "In kin gama fushin, duba buhun ƙyallaye."

Na ce ai na gane, hannun Auta ya fi nawa albarka. Na faɗi wasu maganganun ma, ba sai na rubuta ba.

Ta kama hannuna na dama ta juya shi. "Ni na ce ta sayo fitilar," in ji ta. "Tun bara nake jin hannun nan yana rawa a ƙafata. Kina matsawa kina cije leɓe, kin ɗauka ban gani? Da shi kike ci, da shi kike ciyar da ni. In ƙarasa shi?"

Na ce me ya hana ta faɗa min. Ta ce, "Da kin ji?" Da ban ji ba, gaskiya ne.

Alhamis, 27 ga Maris
Yanzu kujera biyu muke jawowa. Ƙafafunta a ƙarƙashin hasken, hannuna a kan gwiwarta, shi ma yana shan rabonsa. Tabarau ɗaya ne, ni sai in rufe ido. Ban ce fitilar tana aiki ba, kada wani ya ce na ce.

Jiya Inna tana murza min yatsu ta koma labarin mutumin nan na kafin Baba. Ashe tela ne.

Auta ta kira tana tambayar ƙafar Inna. Na ce da sauƙi. Ta ce, "Hannunki fa, Yaya?" Na ce wa ya gaya mata. Mun daɗe a waya.