Likita Bai Ga Tashin Baba Ba

Litinin, 4 ga Maris

An hana Baba tallafin nakasassu. Likitan gwamnati ya rubuta wai bayansa ya warke, tunda har yana iya zama a ƙasa ya tanƙwashe ƙafa. Mama ta tafi aiki gidan tsofaffi idonta jawur. Ni na dafa gwaza. Baba bai ci ba.

Alhamis, 7 ga Maris

A makaranta bayan ɗakin karatu na ci abincina ni kaɗai. Yau ma.

Laraba, 13 ga Maris

Mun shiga jirgin ƙasa daga garinmu Logan zuwa ofishin lauyar da za ta ɗaukaka mana ƙara. Sunanta Madam Halloran, doguwa, dariyarta kamar tari. Ni na raka Baba saboda Mama ba ta samu hutu ba.

Ta tambaye shi yadda ya zame a mayankar da yake aiki, da rabin naman saniya a kafaɗa. Ya ce, "Ƙaramin abu ne, ranki ya daɗe."

Ta ce, "Malam Sefo, ƙaramin abu da ƙarfe huɗu a ƙashin baya? To me ya kai ka zama a ƙasa gaban likita?"

Baba ya kalle ta kamar ta tambaye shi me ya sa yake gaida mutane. Ya ce mu mutanen Samoa ba ma yi wa babba magana kanmu sama da nasa. Ta dafe goshi.

Ta juyo ta ce, "Ke fa, Sinalei, kina da baki kuwa?" Na kalli takalmina.

Lahadi, 17 ga Maris

Ga abin da ban faɗa mata ba. Ranar da aka duba Baba, likita ne ya fara fita daga ɗakin. Bai ga tashin Baba ba. Ni na gani. Ya kama ƙafar gado, ya kasa. Ya kama wuyana, muka faɗi tare. Zaninsa, irin wanda mazanmu ke ɗaurawa, ya jiƙe da fitsari, na ɗaura masa rigar sanyina a ƙugu har gida. A jirgi ya ce, "Wannan tsakanina da ke ne."

Ko Mama ba ta sani ba.

Laraba, 27 ga Maris

Madam Halloran ta zo gidanmu. Baba ya sauka kan tabarma yana murmushi, gumi na tsatssafo masa. Ya sa na kawo mata shayi da soyayyen fanke. Da ta yi sallama bai raka ta ba, ni na raka ta.

A bakin mota ta ce, "Mutum mai ladabi irin babanki bai tashi ya raka baƙuwa ba. Wa ke ɗaga shi in na tafi?"

Na waiwaya na kalli ƙofar gida. Ta ce ba dole. Amma ranar zaman kotu, in ba wanda ya faɗi abin da likita bai gani ba, maganar likita ce za ta tsaya, Mama kuma ta ci gaba da aiki biyu.

Juma'a, 12 ga Afrilu

Da Mama na zaune ko minti goma, da na tambaye ta ko in faɗa. Ta yi barci da takalmi a ƙafa.

Talata, 16 ga Afrilu

Na faɗa.

Ɗakin kotun ƙarami ne, alƙalin tsoho mai tabarau. Baba ya fara lanƙwasa gwiwa zai zauna a ƙasa, Madam Halloran ta tura masa kujera ta ce, "Yau dai ka yi mana rashin kunya, Malam Sefo." Ya zauna a gefen kujerar kamar ta aro.

Aka tambaye shi. Ya ce da sauƙi, an gode Allah. Sai na ji hannuna a sama.

Na fara magana ƙasa-ƙasa, alƙali ya ce, "Ɗaga murya, 'yata." Na faɗi ƙafar gado. Na faɗi faɗuwarmu. Na faɗi yadda nake sa masa safa kullum. Zanin ne kawai ban faɗa ba. Wannan nasa ne.

A jirgi bai dube ni ba ko sau ɗaya.

Asabar, 20 ga Afrilu

Baba ba ya kirana. Jira yake Mama ta dawo ta ɗaga shi. Ina jin numfashinsa daga kicin, ina wanke kwanon da na riga na wanke.

Alhamis, 9 ga Mayu

Madam Halloran ta bugo. An ba shi tallafin. Mama ta yi kuka ta yi waƙar coci. Baba ya ce an gode Allah, ya juya ga bango.

Lahadi, 12 ga Mayu

Fasto Tauiliili ya zo da dattawa biyu su yi addu'ar godiya. Baba na kan tabarma. Ni ina bakin ƙofa da faranti, kamar kullum.

Da suka miƙe za su tafi, Baba ya ce, "Ku dakata, Fasto, zan raka ku." Sannan, a gabansu duka: "Sina, mai bakin rediyo. Zo ki ɗaga tsohonki."

Dattawan suka yi dariya. Na ce, "Sai ka ce don Allah." Ban san daga ina ta fito ba. Fasto har da riƙe ciki.

Ya ce don Allah. Ya yi nauyi kamar da.

Gobe wataƙila in ci abinci a teburin 'yan ajinmu. Bayan ɗakin karatu ya fara sanyi ne kawai.