Kifin da Aka Mayar Kicin

Malmo, Suwidin, Litinin

Ƙanwata Tindra,

Bayan gaisuwa, da fatan kina lafiya. Na koma takarda ne tunda kin daina ɗaukar wayata.

Duk gidajen abincin garin nan kika tsallake, kika kawo iyayen saurayinki Hampus shagon Mama. Na ɗauka gabatar da su za ki yi. Ina tsaye da faranti uwarsa ta tambaye ki ko kin san wurin, kika ce, "Nakan ɗan leƙo." Don kin ɗebo kamannin babanki ɗan Suwidin shi ne kika mayar da ni sabis mai kai abinci, uwarki kuku? Shi ma gogan naki, da yake cin abincinmu a bati, ya tsura wa cokali ido.

Tun da safe Mama take neman kifi mai kyau. Ba ta jira kun zaɓi komai ba, domin a ƙasarta Tailan baƙon gida ba ya zaɓe, jera masa kwanuka ake a tsakiyar tebur kowa ya sa hannu. Sai kika ce, "Ba mu nemi wannan ba." Ni na mayar da kifin. Ta dube shi, ta kifa masa faranti, ta koma kan tukunya.

Yanzu ta ce ba za ta zo bikin aurenki ba. Farin zaren da uwa ke ɗaura wa amarya a hannu ta sa mata albarka, wa zai ɗaura miki?

Yayanki mai ɓacin rai,
Wisut

Malmo, Alhamis

Yaya,

Ina gaishe ka, ko da ba za ka amsa ba.

Ka ji tawa, ba ka ji tasa ba. Muna zama uban Hampus ya dubi fitilun shagon ya ce, "Matan Tailan ɗin nan, kowacce da tsohon da ya ɗauko ta." Aka yi dariya. Ka san shekarun da Baba ya ba Mama. Tun ina firamare ake jifana da wannan maganar.

Niyyata su ci girkinta su yaba, sannan in kira ta. Mutanen nan kowa da farantinsa yake ci, sai ga kwanuka kamar gidan biki, uwarsa na ta kallona. Na ruɗe, Yaya.

Don Allah ka lallashe ta. Tun ina ƙarama nake jiran zaren nan, ba zan iya tsayawa gaban mutane hannu wayam ba.

Taka,
Tindra

Malmo, Asabar

Tindra,

Gaisuwa. Na karanta mata taki har ƙarshe tana yanka albasa, ba ta ɗago ba. Lallashi ba aikina ba ne, ni faranti nake ɗauka. Ta zauna ta rubuta miki da kanta, ga ta nan.

Wisut

'Yata,

Kin ci shinkafa? Sanyi ya shigo, ki riƙa rufe wuya.

Maganar tsohon nan na ji ta, kicin ɗina labule ne kawai. Na daɗe ina jin irinta, ba ta taɓa hana ni barci ba. Taki ce ban saba da ita ba.

Ga zaren cikin ambulan, na kai shi gidan ibada an yi masa addu'a. Mutum ba ya ɗaura wa kansa, sai ki nemi mai ɗaura miki. In surukanki sun tambayi inda kika samo shi, ki ce wurin da kike ɗan leƙawa ne.

Ki huta lafiya.

Lamai, mai girki