Alƙalin da Ya Yi Barci a Gasar Yoselin

Mama,

Ki sa min albarka. Yaya ƙafarki, yaya Kawu Eulogio? Muna lafiya a Santiago, aikin wanke-wanke ne kawai ke fasa min hannu, amma ba komai.

Jikarki Yoselin ta shiga wata gasar kiɗan goge da aka yi a nan. Tana cikin kiɗa babban alƙalin ya hangame baki yana barci, miyau har kan kwalarsa. Ɗalibinsa ya ba kambun. A ƙofa ya shafa kanta da hannu duk maiƙo, ya ce, "Ku 'yan Venezuela rawa ta fi dacewa da ku." Muna isa gida na wanke mata kai.

Ta ce, "Mama, ya ji ƙarshen kuwa?" Na ce ya ji.

Idan ta kira ki, ki sa ta kaɗa miki kiɗan duka.

'Yarki,
Maigualida