Abin da Na Faɗa wa Hajiya a Asibiti

Plumstead, Landan
14 ga Mayu

Zuwa ga Gwaggo Zinatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da girmamawa, da fatan kina lafiya, ke da Baba Nata'ala da yara. Allah ya ƙara sauƙin ƙafar nan taki. Abba da Umma suna lafiya, Rayyan kuma ya kusa wuce ni tsayi. Na rubuto ne domin in na ji muryarki a waya ba zan iya magana ba.

Gwaggo, na karya alkawari. Ke da Abba kun ce kada a gaya wa Hajiya abin da aka gani a hantarta, a bar ta a kan gyambon ciki ne. Kullum Abba ke yi mata fassara a asibiti, yana sassauta maganar. Ranar Talata aiki ya riƙe shi, sai ni na raka ta, ko kayan makaranta ban cire ba. Likitar ta ja kujera kusa da Hajiya, ta ce ciwon dajin ya bazu, magani ya daina aiki, watanni kaɗan suka rage. A nan haka suke yi, mai ciwon ake gaya wa. Ta tsaya tana jiran in fassara. Na buɗe baki zan ce magani za a canza, sai Hajiya ta riƙe hannuna. Ta ce ta ga fuskar likitar, kuma ba ta taɓa jin ƙarya a bakina ba, kada in fara yau. Na faɗa mata duka.

Ni ce na yi kuka, ita ta yi rarrashi. A bas ta ce min ta gane tun azumi, da zobenta ya fara zamewa daga yatsa, ta yi shiru ne don kada hankalinku, ku 'ya'yanta, ya tashi. Har ta tsokane ni, wai Hausata duk a karkace take, amma ranar ko kalma ɗaya ban ɓata ba. Abba ya yi kwana biyu bai kalle ni ba. Hajiya ta kira shi ɗakinta suka daɗe, da ya fito ya dafa kaina. Yanzu tana cin tuwonta kaɗan kaɗan, tana lazimi a bakin taga, kuma ta fi da yawan dariya.

Ga saƙonta. Ta gode da sassaƙen da kike aikowa, amma ki huta haka. Abin da take so shi ne likkafaninta da ta jiƙa da zamzam a Makka, yana cikin koren akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadon da ta bari a gida Najeriya. Ki ba Yaya Abdul-Samed in zai taho. Ta ce a nan za a binne ta, kada a wahalar da gawarta a jirgi, ƙasa duk ta Allah ce. Tana so ki kira ta ku yafi juna, ba tare da kin ce mata za ta warke ba.

Ni ma ki yafe min, Gwaggo.

Ki gaida Baba Nata'ala, Anti Muhibbat da Zarah. Hajiya ta sa in ƙara wannan: ta san halinki da tsafta, ko kin ga likkafanin ya yi ƙura, kada ki wanke shi.

'Yarki,
Afrah