Rabin Rabin Maganin Kaka

Zuwa ga ƙawata 'yar boko,

Gaisuwa mai yawa daga ɗakin baya. Na manna takardar a gilashin taga, ki karanta daga waje, kar ki taɓa. Tun da na sha maganin maƙoƙon nan, aidin ɗin da ke fitar da hasken da ido ba ya gani, likita ya ce in nisanci kowa, musamman jarirai. Sai kuma uwarki ta zaɓi wannan makon ta haihu. Ina jin kukan ƙaninki ta bango, hannuwana har ƙaiƙayi suke.

An ce kuna irin wannan karatun a makaranta. Likita ya ce duk kwana takwas rabin ƙarfin maganin ke tafiya. To na yi lissafina: rabi da rabi, kwana goma sha shida ke nan, in ɗauki jikana. Ki duba min, ko da yake na san daidai ne.

Kakarki, tsohuwar tela.

*

Kakata ta kaina,

Ina gaisuwa, ya jiki? Ga wannan a ƙarƙashin kwanon abincinki. Da kina ajinmu da kin ci sifili, don nima kuskuren da na yi ke nan a darasin kemistiri, malama ta zagaye min shi da jan biro. Abin da likita ya faɗa miki shi ake kira rabin rayuwa. Rabin abin da ya rage ne ke tafiya, ba rabin na farko ba. In ɗari ne, bayan kwana takwas saura hamsin, a sha shida saura ashirin da biyar, a ashirin da huɗu saura sha biyu da rabi. Malama ta ce a kan takarda ba ya taɓa kaiwa sifili.

Jariri na gaishe ki. Hancinki ya ɗauko, Allah ya ba shi haƙuri.

Jikarki.

*

Ke,

Ba gaisuwa yau. Wato sai ya yi gemu zan ɗauke shi? Na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba, abincin ma a rufe ya koma.

Da na gaji da kukan sai na jawo wani tsohon yadi da almakashi, in gwada maganar malamarku. Na ninka, na yanke, na ajiye rabi. Na sake ninka wanda ya rage. Gaskiyarta, kullum akwai saura. Amma a yanka na goma abin da ke hannuna ko maɓalli ba zai rufe ba. Shekara arba'in ina ɗinki, irin wannan sharewa muke yi, ba wanda ke ce masa yadi. Ki tambayo min, a yanka na nawa ake daina jin tsoron maganin?

Hancina kuma ya fi naki.

*

Kaka,

Ki yafe min, rabin darasi na kawo miki. Na nuna wa malama tambayarki, ta yi dariya har da riƙe tebur, ta ce tambayar da take jira daga gare mu ke nan tun farkon zango. Ta sa duk ajin muka yi ta yanka takarda. Ta ce ba sifili ake jira ba, kuma jikinki ma yana fitar da shi ta fitsari da gumi, don haka kin fi littafina sauri. Amma ranar fita likita ne zai faɗa, bayan ya auna ki da na'ura. Baba zai kai ki ranar Talata.

Ki ci abinci, don Allah. Ina gaisuwa.

*

'Yar boko,

Ki yi haƙuri da rubutun, da hagu nake yi. Ƙaninki ya yi barci a kan na dama, ba kuma zan motsa shi ba ko malamarku ce ta zo. In kin dawo daga makaranta kar ki tsaya a taga, ƙofa a buɗe take.

Hancin nawa ne, na duba.

Kakarki.