Kalmar da Ta Ci Hannuna

Kainji,
9 ga Satumba, 1968.

Zuwa ga Dudu, farar balbelar bakin gulbi, sanyin ruwan randa da tsakar rana, inuwar giginyar Warra, hasken idona.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da Inna da Baba, a sabon matsugunin da aka kai ku. Kada ki yi mamakin rubutun nan da ya karkace kamar sawun ƙaguwa a laka. Da hagu nake yin shi.

Wata biyu ke nan ina ɓoye miki. Muna jan wayoyi a ɗakin injunan madatsar ruwa, na miƙa hannu zan ɗaga wata da ta sauko. Shugaban aikinmu ya ƙwala ihu daga nesa, "Layif! Layif!" Wallahi, Dudu, na zaci sunan wani yake kira. Har waiwayawa na yi in ga mai sunan, hannuna kuwa ya riga ya kai. A asibiti na farka. Can aka gaya mini ma'anarta: waya mai wuta a ciki. Kalma ɗaya tak!

Hannun yana nan, ba a yanke ba, amma yatsu uku sun mutu a jikina. Likita ya soka musu allura ina kallo, kamar wani icce ake sokawa. Ba za su ƙara riƙe filafilin tuƙa jirgi ba, ba za su ja taru ba.

Ya ke mai murmushi kamar hantsi bisa ruwa, kin tuna ranar da na ƙetare da ku kasuwar Yelwa, ƙayar kifin ƙurungu ta shige miki tafin hannu? Da waɗannan yatsu na cire ta, kina dariya kina hawaye, kina cewa in yi a hankali. A ranar na san ke ce. Yanzu an ce ruwa ya hau tsibirinmu, har rimin mashigi ya nutse rabi. Da na ji sai na ce to. Me ya same ni? Ina hawayena suka tafi? Tuwo da ƙasa ɗanɗano ɗaya suke yi mini.

Malam Illo, mutumin Shanga mai kula da allon mitoci, shi ya tausaya mini. Ya ce in na ci jarrabawar ƙarshen wata za a ajiye ni gaban mitoci, aikin ido da baki. In na faɗi, sai sallama. Kullum bayan la'asar yana zaunar da ni, yana koya mini kalmomin aikin wuta. Bolti, ƙarfin da ke tura wuta. Amfiya, yawan wutar da ke gudu. Fiyus, siririyar waya da ke ƙonewa don sauran su tsira. Tiransifoma ta ɗauke ni kwana huɗu kafin harshena ya yarda. Jiya ya ce, "Maliki, ka haddace kalma arba'in, ba ka murna?" Na duba cikina ban sami murnar ba. Sunanki kaɗai ke motsa wani abu a ƙirjina, shi ma can ƙasa, kamar kifi a ruwa mai zurfi.

Ya kurciyata, masunci kika yi wa alkawari, mai hannu biyu. Wannan mutum babu shi. Ba zan riƙe ki da maganar da kika ba wani ba. Bayan jarrabawa, ko na ci ko na faɗi, zan shigo jirgin Warra ranar kasuwa. Zan ajiye hannun a gabanki da rana tsaka. Ki dube shi da kyau, ki taɓa, kafin ki buɗe baki. Abin da nake roƙo ke nan, kada ki amsa ta takarda.

In kin ce to, alhamdu lillahi. In kin ce a'a, zan koma jirgi ba tare da na ga laifinki ba, kuma ba zan tsaya ƙofar gidan wata ba har a kai ni kushewa.

Naki, da abin da ya rage nawa duka,
Maliki.