Wasan Ɓuyan da Na Koya wa Tani

Litinin, 7 ga Yuni

Kwaleji ta turo ni garin Turba gwajin koyarwa, ajin ƙananan yara. Malam Jibrilla, malaminmu na renon yara, ya ce da wasa yaro ke koyo, kuma ajin da ba shi da surutu malamarsa ta faɗi. To ni nawa kamar gidan makoki. Rabinsu 'yan gudun hijira ne.

Har yau ba ruwa. An yi shuka ta ƙone.

Alhamis, 10 ga Yuni

Akwai wata Tani, shekara huɗu. Kakarta Inno ta goyo ta daga Burkusuma bayan 'yan bindiga sun harbe ubanta a bakin rijiya. Ba ta magana, ko kuka ba ta yi da sauti. Na ɗaura niyya sai na buɗe bakin nan.

Laraba, 16 ga Yuni

Na samo dabara, kaina har ya yi girma. Wasan ɓuya: su ɓoye, ni kuma na yi kira, "Kuna ina?" Wanda ya fara zabura ya ce "Ga ni nan!" ya ci dabino.

Inno ta tare ni a ƙofa. Ta ce, "Malama, bar min ɗiyag ga da shirunta, shi yar raya ta. Ƙarƙashin rumbu tak kwana, 'yan bindiga suna bisa kanta." Na yi mata bayanin littafi. Tsohuwa dai, me ta sani?

Talata, 22 ga Yuni

Tani ta yi magana! "Ga ni nan!" da 'yar muryarta kamar ta ɗan tsako. Baba Na'Allah mai gadi har da tafi. Na shige bayan allo na yi hawaye.

Litinin, 28 ga Yuni

An fita roƙon ruwa. Hadari ya haɗu, iska ta watsa shi. Geron da aka sake shukawa bai kai gwiwa ba. Baba Na'Allah ya ce ba yunwa ce kaɗai matsalar ba, bana babu inda mutum zai laɓe.

Asabar, 3 ga Yuli

Sai yau hannuna ya riƙe biro.

Ranar Alhamis da hantsi muka ji babura, sai harbi. Na kwashi yara muka faɗa kwazazzabon bayan makaranta, Baba Na'Allah na jan na baya. Muka kwanta. Babu kara, babu ciyawa, yashi kawai. Muna jin ihun mata da ƙaurin bunu.

Ɗaya daga cikin 'yan bindigar ya tsaya a bakin kwazazzabo, ina ganin inuwar bindigarsa. Ya daka tsawa, "Kuna ina? Ku hito!"

Na ji jikin Tani ya motsa a ƙarƙashin hannuna, tana murmushi. Ta ce, "Ga..." Na danna fuskarta cikin yashi da dukan ƙarfina. Tana shure-shure, ban saki ba. Har ta daina.

Ya ji. Ya fara saukowa. Sai Baba Na'Allah ya miƙe daga can nesa da mu yana cewa, "Ni na, ɗana, ni kaɗai na." Suka harbe shi a ƙirji, suka ƙara masa a ka, suka tafi da shanun gari.

Na juya Tani na zata na kashe ta. Bakinta jini da yashi, haƙori ɗaya ya fita. Da ƙyar ta ja numfashi.

Lahadi, 4 ga Yuli

Na je gaida Inno. Da ta zage ni da na ji sanyi. Ruwa ta ba ni.

Litinin, 12 ga Yuli

Malam Jibrilla ya zo duba ni, cikin rakiyar 'yan sa-kai. Yara kaɗan suka dawo. Muka yi wasan ɓuya. Na yi kira, "Kuna ina?" Na sake da tsawa, na buga ƙafa, na kira sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya amsa ya fita daga wasan, wanda ya yi shiru har ƙarshe shi ke cin dabino.

Malam Jibrilla ya ce, "Saude, wanga wasa ba shi cikin abin da mun ka koya muku." Na ce na ɗan gyara shi ne kawai. Ya rubuta abin da zai rubuta, ban leƙa ba.

Tani ce ta ci. Na miƙa mata dabino, ta ja da baya tana kallon hannuna. Na ajiye mata a ƙasa, na matsa nesa, sannan ta ɗauka.